Kwalaye Goma Sha Huɗu na Malam Musbahu

Wanda ya ba mu aron Malam Musbahu Uba ya karɓi abinsa ranar Talata, bakwai ga Maris, 2017, daidai da takwas ga Jimada Sani, 1438. Ya cika da hantsi a wani asibiti a Birmingham, yana da shekara sittin da takwas, bayan jinyar kwana tara ta ciwon huhu. Ina wurin aiki a Manchester aka kira ni. Na kama jirgin ƙasa, na iske an riga an rufe masa fuska. Ranar Alhamis muka kai shi makwancinsa cikin yayyafi, mu ba mu kai arba'in ba.

Malam, yau kwana talatin da huɗu ke nan. Ban yi niyyar rubuta komai ba, domin na gaji da rubuta wa mutanen kirki ta'aziyya a ƙasar da ba ta san sun zauna a cikinta ba. 'Yarka Zinatu ce ta sa na ɗauki alƙalami. Mako biyu ke nan ba ta ɗaga wayar kowa, ba ta taka masallaci, saboda maganar da ake yawo da ita a zaurenmu na waya, wai ita ce ta ƙona aikin mahaifinta. Gaskiya ne aikin ya ƙone. Amma yadda aka yi, da wanda ya kamata a tuhuma, ba a faɗe shi daidai ba, ni kuwa na san zancen ciki da waje.

Ka zo ƙasar nan daga Gumel a 1984, don yin digiri na uku a fannin tarihi a jami'ar Birmingham da ke unguwar Edgbaston. Tallafin karatun ya yanke a shekara ta biyu, digirin bai kammalu ba, kunya kuma ta hana ka komawa gida hannu biyu. Ka samu aiki a wani ɗan laburaren unguwa a Handsworth, kana buga wa littattafai hatimi kana mayar da su kan kanta. Shekara ashirin da biyar ka yi kana wannan.

Ni a 1996 na sauka, ban san kowa ba sai lambar wayarka da wani ya rubuta mini a bayan ambulan. Kai ka tarbe ni a tashar bas, ka ga rigar da na zo da ita, ka cire kwat ɗinka ka ɗora mini. Wata uku na yi a falonku, marigayiya Hajiya Batulu tana ciyar da ni. A makon farko na dawo daga neman aiki jikina a sanyaye, wani mai gadin ofis ya yi mini tsawa. Ka zuba mini shayi ka ce, "Sunusi, daina jin tsoron mutanen nan. A 1066 yini guda aka yi aka ci su da yaƙi, suka yi shekara wajen ɗari uku fadarsu tana magana da yaren wasu. Sha shayinka." Haka kake lallashin mutum. Ba ka da wani magani sai sarakunan da suka mutu.

Ga waɗanda ba su sani ba, ga abin da aikin yake. Malam ya ɗauki shekarun da ke tsakanin 1066 da 1591, wato daga cin Ingila zuwa ranar da bindigogin Maroko suka karya Songhai, ya ce zai rubuta wa Bahaushe abin da ya faru a duniya shekara bayan shekara, da Hausa. Ba ƙasa-ƙasa yake bi ba. Shekara ɗaya yake ɗauka ya jera duniya duka a cikinta, a kan ƙananan katuna irin waɗanda laburare ya daina amfani da su da kwamfuta ta zo. Da ajami yake rubutawa, da irin hannun da mahaifinsa ya koya masa. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce in ya rubuta da boko Turanci ke tsoma masa baki a tunani. Kuma a saman kowane kati, komai ƙanƙantarsa, sai ya fara rubuta Bisimilla, domin a gidansu ba a ɗora alƙalami a kan takarda sai da ita. Ku riƙe wannan. Kwalayen takalmi goma sha huɗu ya cika.

Duk Lahadi bayan Azahar, Malam, sai ka zaro shekara guda ka karanta wa wanda ya zo. Ba na manta ranar 1492. Ka jera katuna a kan darduma kamar mai kasa goro: ga sarkin ƙarshe na Garnaɗa yana miƙa mabuɗan gari, ga jiragen ruwa uku sun bar Sifen sun nufi yamma ba su san inda za su ba, ga Sunni Ali na Songhai ya mutu a hanyar dawowa daga yaƙi, ga kuma Rumfa yana kan gadon Kano. Ka ce, "Duk rana ɗaya ke fito musu. A makaranta an koya mana kamar wasu na raye, mu muna barci muna jiran a zo a gano mu." Tomas Davou, mutumin Jos, direban bas, wanda daga coci yake zarcewa gidanka, ya ce, "Malam, kai fa ka san inda Sunni Ali ya kwana shekara ɗari biyar da suka wuce, amma jiya ka shiga motata ba ka san inda ka ajiye katin bas ɗinka ba." Ka ce, "Shi ya sa Allah ya yi ka, Tomas. Kowane mai yawon gano duniya yana buƙatar wanda ya san hanyar gida."

Sai shekarun tsuke bakin aljihu suka zo. A 2012 aka rage ranakun buɗe laburaren, aka sallame ka da wasiƙar godiya da hoton ginin a cikin firam. Bayan wata biyu aka liƙa sanarwa a ƙofa ana neman masu aikin sa kai. Ka koma. Kujerar nan, hatimin nan, sai dai babu albashi. Na yi maka faɗa, ka ce in kai ba ka je ba rufe shi za a yi. Shekarar da ta biyo, tunda Hajiya ta rasu yara sun tashi, masu gidan da kake haya suka ce ya yi maka yawa, aka mayar da kai ɗaki guda a hawa na tara. Ka rabar da kujeru da tukwane da rabin littattafanka. Kwalayen kuwa da kanka ka hau da su, biyu-biyu, ranar ma na'urar hawa ta lalace. Ban taɓa jin ka zagi kowa ba. Ni na yi zagin a madadinka, kuma har yau ban janye ba.

Yanzu ga nawa laifin. Cikin duk masu zuwa zaman Lahadi, mu uku ne muke iya karanta ajaminka, biyu sun koma gida. Sau uku ka roƙe ni in zo da kwamfuta in mayar da katunan boko. Na zo sau ɗaya, a 2014, muka yi yini biyu muka kai 1087, shekarar da wanda ya ci Ingila ya mutu. Shekara ashirin da ɗaya cikin ɗari biyar da ɗoriya. Daga nan aka rage ma'aikata a ɗakin gwajin jinin da nake aiki, aikin mutum uku ya dawo kaina, na riƙa ce maka sai wata mai zuwa. Wannan gaskiya ne, amma ba hujja ba ce. Tsakanin Manchester da Birmingham awa ɗaya da rabi ne a jirgi. A cikin shekara ukun nan na je bikin aure biyu a London.

Bayan rasuwarka masu gidan suka ba da mako huɗu a kwashe kaya a miƙa mabuɗi. Matar da ta kawo takardar ta yi ta ba da haƙuri, ita ma aike aka yi mata. Zinatu ma'aikaciyar jinya ce, ga 'ya'ya biyu, ɗan'uwanta Abdulsalami yana Aberdeen. Ita kaɗai ta yi kwasar a ranakun hutunta. Ta samu tsofaffin takardun digirinka na Turanci, ta ce ai wannan ne aikin tarihin Baba, ta sa su a leda ta adana. Sannan ta buɗe kwalayen. A nan aka haife ta, a makarantar Asabar ta Sparkbrook ta yi karatun Alƙur'ani. Ta san baƙaƙen, ba ta san hannun ba, ba ta kuma taɓa jin cewa ana rubuta Hausa da su ba. Abu ɗaya ta iya karantawa a kowane kati, shi ne layin sama. Tun tana ƙarama kuma a kan darduma take ganinka da su, bayan salla.

Ranar Lahadi ashirin da shida ga Maris ta kira ni, muryarta har da ɗan sanyin wanda ya sauke nauyi. Ta ce, "Baffa, na gama kwashe flat ɗin Baba. Takardun addu'ar Baba kuma na kai su masallaci tun wancan makon. Ko ɗaya ban bari ta shiga bola ba. Wallahi sai da na yi alwala kafin in taɓa su."

Na ce, "Waɗanne takardun addu'a, Zinatu?"

Ta ce, "Na cikin kwalayen takalmi."

Washegari na je masallacin da ke kan titin Stratford. Kamar sauran masallatan nan, suna karɓar tsofaffin takardu masu sunan Allah, su ƙona su a wuri mai tsabta, su binne tokar inda ƙafa ba ta takawa. Dattijon da ke kula da wannan, wanda ba Bahaushe ba ne, ya kai ni bayan gini ya nuna mini wurin. Ranar Asabar ya yi aikin. Ya ce bai taɓa ganin mutum ɗaya ya rubuta sunan Allah da yawa haka ba, lallai mahaifin yarinyar nan waliyyi ne. Na yi masa godiya. Me zan ce masa?

Daga nan na yi kuskure na biyu. Cikin zafin rai na faɗa wa mutum biyu, kafin la'asar zance ya cika zauren waya. Na karanta abin da aka rubuta. Wai 'ya'yan Turai ba su san darajar iyaye ba. Wai da a gida ne da ba a yi haka ba. Masu wannan magana likitoci ne da injiniyoyi, mutanen da Malam ya yi shekara ashirin yana gayyata zaman Lahadi suna cewa suna da aiki. Da ku nake: a wurin suna ko walima kukan ce, "Malam, ba mu labarin Mansa Musa da zinariyarsa," ku yi dariya, ku koma kan shinkafa. Wane ne a cikinku ya taɓa tambayar inda ake ajiye labaran? Wane ne a cikinku ɗansa zai iya karanta wasiƙar kakansa? Nawa ma ba za su iya ba.

Kai ma, Malam, ba zan wanke ka tas ba, domin ba ka son tarihin da ake wanke mutane a cikinsa. Kana da taurin kai. Tomas ya ce a ɗauki hoton katunan da waya, ka ce sai ka gama gyara. Ka san sunan kowane sarkin da ya faɗi saboda bai shirya magaji ba, amma ba ka taɓa zaunar da 'yarka ka ce mata ga abin da ke cikin kwalin nan ba. Kana ganin ba za ta damu ba. Ka yi kuskure. Da ba ta damu ba, da ta zuba su a kwandon takardu a ƙofar gida, da wataƙila ma mun tsince su.

Zinatu, 'yata, da ke nake yanzu. A cikin mu duka, ke kaɗai ce kika yi wa katunan nan abin da kika san daidai ne, a kan lokaci, ba tare da cewa sai wata mai zuwa ba. Abin da muka koya miki kika yi. Abin da ba mu koya miki ba, mu za a tambaya. Ranar Lahadi mai zuwa ne addu'ar arba'in a gidan da Abdulsalami ya kama a Handsworth don taron. Ni da Tomas za mu zo mu ɗauke ki, ki shiga gaba mu bi ki a baya. Duk mai sauran magana a kan kwalayen, ga lambata a zaure, ni ya kira.

Ya Allah, ga bawanka Musbahu ɗan Uba, baƙo ne a inda ya mutu, ka yi masa masauki mafi kyau daga wanda ya samu a nan. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka haɗa shi da Hajiya Batulu a cikin rahamarka. Kowace Bisimilla da ya rubuta, ka sa ta a ma'auninsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Zinatu da Abdulsalami da 'ya'yansu, da 'yan'uwansa a Gumel, da Tomas Davou wanda ya ɗauki makara tare da mu. Allah ya ba ku haƙuri, ya sanyaya zuciyar Zinatu. Mu kuma da muka iya karantawa ba mu karanta ba, Allah ya yafe mana.

Sunusi Garba Ringim
Manchester, 10 ga Afrilu, 2017