Babban Yatsan Ukasha

Ukasha ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na goye shi. Tun yana ɗan shekara goma sha biyar yake aikin mazarƙwaila a wani ƙauye gefen Makarfi, shi ke tura rake cikin injin matsewa. Shekara tara da suka wuce injin ya haɗa da hannunsa na dama. Yatsu huɗu suka tafi har da babban, aka bar masa ɗan ƙaramin. Na hagu kuwa tafasasshen ruwan rake ya daɗe da ƙone su, sun yi sulɓi kamar bayan cokali. Daga ranar babu mai ɗaukarsa aiki. Matarsa Mukarrama ce ke riƙe gidan da sana'ar ƙuli-ƙuli.

Bara wata ƙungiya ta zo daga Kaduna, wai za ta koya wa naƙasassu da waɗanda suka daɗe ba aikin yi kwamfuta, na wata uku. Sharaɗi ɗaya: duk wanda bai yi fashi ba, ran rufewa za a ba shi kwamfuta tasa. Ukasha har ya yi magana da wani mai shagon hoto a bakin tasha, zai ba shi lungu ya riƙa buga wa mutane takardu da cike fom. Kwamfutar kawai ake jira.

Ga inda rashin hankalin yake. A bakin ƙofar ajin sun kafa wata 'yar na'ura, kowa ya iso sai ya dangwala babban yatsa, ita ce shaidar ya zo. Makarantar naƙasassu fa! Ran farko Ukasha ya ɗora na hagu, ta nuna ja. Ya lasa, ya goge a riga, ta sake nuna ja. Shamsuddeen, jami'in rajista, wani mai ƙaton agogo, ya ce, "Shiga kawai, Malam, za mu gyara." Sati na biyu ya tuna masa, sai ya ce, "Kai Malam, ka cika naci." Ukasha ga kunya, bai ƙara ba. Na ce ya sa a rubuta masa a takarda, ya ce, "Haba Yaya, mutumin ya san fuskata, kullum sai mun gaisa."

Ya san ta kam. Duk ranar da baƙi suka zo, Ukasha ake zaunarwa a gaba. "Ɗaga hannun, Malam. A'a, wancan, mai ciwon." Suka ɗauke shi hoto, suka buga a ƙaton ƙyalle suka rataya a bango, hannun ƙanena a kan madannan kwamfuta.

Kuma ya koya. Ko ana ruwa sai ya tuƙa kekensa da hannu ɗaya ya je. Da hagu da ɗan yatsan nan yake bugu, har malamin ajin yana tura masa waɗanda suka kasa.

Ran rufewa na ɗaura atamfata mai kyau muka tafi da Mukarrama. Aka kira mutum talatin, har da wani ɗan unguwarmu da ke dangwalawa ya wuce gidan kallon ƙwallo. Babu Ukasha. Ana tsaka da tafi na miƙe.

"Malam Shamsuddeen, ina sunan Ukasha?"

"Zauna, Hajiya. Na'ura ta nuna bai taɓa zuwa ba."

"Ni ba Hajiya ba ce. Bai taɓa zuwa ba? To wancan hannun da ke bayanka na wane ne? Aljani kuka ɗauka hoto?"

Wuri ya ɗauki dariya. Ukasha na jan mayafina, "Yaya, don Allah ki rufa mini asiri."

Shamsuddeen ya gyara hula. "Ƙa'ida ce. Na'ura ba ta ƙarya."

"Ai da ka ara masa yatsanka, tunda ba aikin da yake yi sai nuna mutane."

Shugabar da ta zo daga Kaduna ta tambayi malamin ajin, ya rantse ko rana ɗaya Ukasha bai fasa ba. Ta girgiza kai ta ce, "Ayya, za mu duba." Tana faɗa, kwamfutocin talatin suna cikin jakunkuna a kafaɗun mutane, ana fita da su. Ni kuma na tsinke igiyar ƙyallen na naɗe shi a hamata.

Wata bakwai ke nan suna dubawa. Lungun shagon an ba wani. Ukasha ba ya son a ta da maganar, yana gida yana taya Mukarrama ɓare gyaɗa. A kan ƙyallen take shanya ta, a kife, don ya ce ba ya son ganin hoton. Kwanaki Shamsuddeen ya bugo waya, wai a mayar, kayan ƙungiya ne. Na ce ban taɓa ganinsa ba, ya je ya tambayi na'ura.