Allo da Bulo

Mahaifina bai taɓa neman babbar waya ba. Shekara da shekaru da 'yar ƙaramar nan mai maɓallai yake, wadda in ta faɗi take rabuwa uku, a harhaɗa ta ta ci gaba da aiki. Ƙanena da ke Kaduna ne ya ga bai dace limami guda yana yawo da rakani-kashi a aljihu ba, ya aiko masa da ta shafawa. Dukkanmu muka yi murna.

Malam muke ce masa, kamar kowa a ƙauyenmu da ke gefen Tamawa a ƙasar Kurfi. Shi ne limamin masallacin unguwa tun kafin in yi wayo, zaurenmu kuma makarantar allo ce da ya gada wurin kakanmu. Safe da yamma yara ne, maza da mata, bayan la'asar magidanta su zauna ya karanta musu littafi. Doka biyu yake da ita da ko ɗan hakimi bai isa ya taka ba: kada ka karanta abin da ba a biya maka ba, kada ka wanke allo sai ka iya abin da ke kansa. Larabci da ajami kamar ruwa yake shan su. Boko kuwa da girmansa ya tsince shi a ajin yaƙi da jahilci, yana haɗa baƙaƙe ya karanta Hausa a hankali, yatsa a kan layi. Turanci ko zo in kashe ka bai sani ba.

Ni ina Dutsin-Ma da aure, ina koyarwa a wata firamare. Tsakiyar damina Inna ta kira ni, ita da ba ta kira sai dai a kira ta.

"Ki taho gida."

"Lafiya, Inna?"

"Ki dai taho. Malam ba shi cin abinci."

Na yi sammako na hau mota zuwa Kurfi, daga nan babur, don hanyarmu ba ta biyuwa in rana ta yi sanyi. Tun daga ƙofar gida na san ba lafiya. Da hantsi zaurenmu ba ka jin muryar na kusa da kai saboda karatu, amma ran nan yara 'yan tsiraru na tarar, duk maza, ga allunan mata jingine da bango.

Inna ta ja ni ɗaki, ta ba ni labari idonta a ƙasa. Tun kwanakin baya wayar ta fara wani hali. Haka kawai sai ta yi ƙara, rubutun Turanci ya sauko daga sama, wani da hoton mota, wani da kwalbar magani. Malam ya ɗauka haka manyan wayoyi suke, sai ya share da ɗan yatsa. Ran da abin ya faru yana zaune da magidanta bayan la'asar. Ya sauko da ƙira'ar wani gwani da ta burge shi, ya miƙa wa wani Alhaji mai fataucin hatsi, maƙwabcinmu, ya ce ya kara a kunne ya ji. Wayar tana hannun Alhajin ta yi ƙara. Mace ce tsirara haihuwar uwarta, a halin da bakina ba zai iya faɗa ba. Ladan da ke kusa ya gani, na bayansu ma suka leƙa.

Malam ya karɓi wayar, ya kife ta a kan buzu, ya ci gaba da karatu daga inda ya tsaya. Bai ce uffan ba. Na san mahaifina, kunya ce ta ɗaure masa harshe. Su kuwa suka fassara shirun da cewa an kama ɓarawo da kaya a hannu.

Magana zarar bunu ce. Kafin ta kai bakin rijiya hoto guda ya zama finafinai, kafin ta kai kasuwar Kurfi an ce har hira yake da matan banza na birni. Aka fara janye 'ya'ya mata daga makaranta, wannan an ce zazzaɓi, waccan an ce za ta taya uwarta aiki. Sahu ya rinƙa raguwa, wasu suka gwammace su taka caɓi har masallacin bakin hanya. Ba wanda ya tare shi ya tambaye shi, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai har gobe. Mutumin da ya raɗa wa 'ya'yanku suna, ya sallaci iyayenku, a ce a rasa mutum ɗaya da zai ce, Malam, me ya faru? Gaisuwa ce kawai suka gajarta.

Na same shi a turakarsa, ya faɗa har ƙashin wuyansa ya fito. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ya ba ni wayar. Da yake sunan mahaifiyarsa na ci, Uwata yake ce mini.

"Uwata, ba abin da idonki zai gani ba ne."

"Malam, gyara za a yi mata."

"Mi za a gyara? Jarrabawa ce. Ban san mi na yi ba, amma ina ta istigfari."

Da na nace sai ya kau da kai, ya ce in ɗauka in jefa a masai. Tana cikin rumbu, a naɗe da tsumma, a kashe.

Ban jefa ba. Na koma da ita Dutsin-Ma, amma na kasa kai wa masu gyara na bakin kasuwa. In tsaya a rumfa cike da samari in ce ta mahaifina ce? Sai na kai wa abokiyar aikina, malamar da ke koyar da kwamfuta, muka kulle kanmu a ofis lokacin hutun tara. Da ta yi caji aka kunna data, abin ya rinƙa kwararowa ɗaya bayan ɗaya, wani ya fi wani ƙazanta. Kunya da baƙin ciki suka haɗe mini, na fashe da kuka.

Ita kuwa ko gezau. Ta ce in share hawayena, ba wanda ke aiko masa, kuma ba shi ya je nema ba. Wasu shafukan intanet ne na 'yan damfara, suna rataya abu mai kyau a ƙofa, ƙira'a ko wa'azi ko lokutan salla, in ka shiga saukewa sai wani ɗan akwati ya fito yana neman izinin aiko maka da sanarwa. Ka danna ka yarda, shi ke nan, ka ba su mabuɗin gida. Ta shiga saitin burauzar, wato manhajar da ake buɗe shafuka da ita, ta gangara wurin sanarwa. Ga su nan jere, shafuka masu sunaye kamar kaza ta taka tawada. Ta bi su ta toshe ɗaya bayan ɗaya, ta kashe damar tambayar gaba ɗaya. Ta kuma gano wata manhaja mai hoton alƙibla da ta shigo ta hanyarsu, wadda ba abin da take nunawa sai talla, ta cire ta. Kafin a kaɗa ƙararrawar komawa aji wayar ta yi tsit.

Na roƙe ta ta nuna mini ɗan akwatin. Ta buɗe wani shafi a wayata ya fito, ta ɗaukar mini hotonsa. Kalmomi biyu ne a ƙasa, ɗaya Allow, ɗaya Block.

Ranar Asabar na koma gida ina jin kamar na ɗauko maganin mutuwa. Na zauna gabansa na nuna masa hoton.

"Malam, ka taɓa ganin wannan?"

Ya matso da wayar kusa da ido, ya ɗora yatsa a kan layi yadda ya saba.

"Na gan shi. Ran da anka turo ƙira'ar gwanin nan a zauren malamai na waya. Ga shi nan, allo. Wancan kuwa bulo. Na ce wurin karatu ne, mi zan yi da bulo? Sai na danna allo."

Dariya ta taso mini tare da kuka, na rasa wanne zan yi. Na ce Malam ba allo ba ne, Turanci ne, dubi ga wani baƙi a ƙarshe. Na kwashe duk bayanin da aka yi mini na zuba masa, ina sauri, ina jiran in ga fuskarsa ta saki.

"To mi kalmar ke nuhi?"

"Tana nufin na yarda. Na ba da izini."

Ya miƙo mini wayar.

"Ashe da izinina sunka shigo."

"Haba Malam! Ai ba ka sani ba. Tarko aka ɗana maka."

"Uwata, shekara nawa ina tsawata ma ɗiyan mutane kada su karanta abin da ba a biya masu ba? Na ga baƙin da ban sani ba, ban tambayi kowa ba, na sa hannu. Da can ina cewa jarrabawa ce. Yanzu kin zo kin hwaɗa mani ni na buɗe ƙohwa."

Na yi magiya, na kawo masa duk abin da shi da kansa ya koya mana a kan kuskure da mantuwa. Ya ce wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne, kuma yana kyautata zato. Amma limanci amanar jama'a ce, ba zai tsaya gaban mutanen da ke binsa zuciyarsu na ƙyama ba.

Maigidana ya zo washegari, ya tara magidanta a ƙofar masallaci, ya nuna musu akwatin, ya yi bayani dalla-dalla. Wasu suka ce Allah Sarki, wasu suka sunkuyar da kai. Alhajin nan kuwa cewa ya yi, "Mun ji. To mu mi ya hana ta zo ma wayoyinmu?" Aka yi 'yar dariya. Na so a ce ni namiji ce ran nan. A sallar azahar Malam ya kama hannun ladan ya tura shi gaba, shi ya koma baya.

Ban sake zuwa ba sai da kaka, an yanke gero. Wayar tana cikin kwallar Inna, tsaf, ba ta sake aiko da komai ba, ba kuma wanda ya sake taɓa ta. Da magariba ina tsakar gida na ji an tayar da salla da muryar da ba tasa ba. Inna ta ce a sahun ƙarshe yake tsayawa, can gefe wurin takalma, kuma shi ke fara fita.

Da safe na leƙa zaure. 'Yan mazan da suka rage suna karatu ƙasa-ƙasa. Malam na zaune a kusurwa da ƙwaryar ruwa a gabansa, ya jawo allunan 'yan matan nan da suka yi wata da watanni a jingine, kowanne da rubutun da mai shi ta bari ba ta iya ba. Yana wanke su.

"Malam, ai ba su iya ba tukuna."

"Gara ta hwara cin na ƙasa. Ba ni barin ayoyi ga bakin gara."

"In sun dawo fa?"

Ya jingine wanda ya wanke a rana, ya miƙa hannu ya ɗauko wani ɗan ƙarami, na yarinyar da ko haɗa baƙi ba ta fara ba, ya tsoma shi cikin ƙwaryar.