Yara Ashirin da Kwamfutar Maiyama

Ɗiyata ta fari ita ce ta karanta kwamfuta. Ni karatuna na yaƙi da jahilci ne, na shiga ajin bayan na yaye na huɗu, a shekarun da aka yanke mana jiha daga Sakkwato. Na iya karatu da rubutu, na kuma iya lamba, ita na fi so ma. Saboda haka abin da zan faɗa a nan, rabi idona ya gani, rabi kuma ita ta zaunar da ni ta fahimtar da ni.

Da ta gama makaranta ta yi aure nan Jega, ta haifi mace, ta zauna ba aiki. Mijinta malamin firamare ne, ya fara maganar su koma Kaduna, inda ya ji ana neman masu irin iliminta. Uwa ba ta nuna damuwa kan ɗan fari, ko sunanta ba na kira. Amma duk ranar da aka tayar da zancen Kaduna, sai tuwo ya ƙi wuce mini.

Ana cikin haka wani ofishi mai kula da lafiyar yara ya ce yana son a yi masa tsari a kwamfuta. Tsarin zai riƙe bayanin jarirai a ƙananan asibitoci uku, na Jega da na Aliero da na Maiyama, ya kuma riƙa faɗin bayan kwana nawa za a dawo da kowane yaro allura ko awo. Ta zauna wata biyu ta haɗa shi. Babban jami'in ya ce da ita, in abin ya yi aiki daidai a wuraren uku kafin a tashi ranar Alhamis, aiki nata ne, nan Jega. In ba haka ba, akwai wani a Birnin Kebbi yana jira.

Yadda take gwajin shi ne ya fara ba ni dariya. Ta ƙirƙiro yara ashirin na ƙarya, ba suna, sai lamba. Kowane ta ba shi ranar haihuwa, ta ɗauki kalanda da fensir ta ƙirga da hannunta kwanakin da ya kamata a dawo da shi, ta rubuta a takarda. Duk sanda ta taɓa wani abu a cikin tsarin, komai ƙanƙantarsa, sai ta sake zuba yaran nan ashirin ta ga ko amsar kwamfuta ta yi daidai da ta takarda. Ta ce gyaran wani wuri yakan ɓata wani wurin da ke lafiya jiya, kuma ba ka sani sai ka koma ka duba. Sa'an nan kwamfutocin uku ba iri ɗaya ba ne a ciki. Kowace da babban tsarin da ke tafiyar da ita, kamar gidaje uku ne, ka aika musu da hatsi ɗaya, kowane gida ya tuƙa yadda ya saba.

Aikina biyu ne a tafiyar da za mu yi asibitocin: in goya jikata, in kuma karanta amsoshin takarda da ƙarfi tana duba fuskar kwamfuta. Tun a gida mun maimaita har na haddace su. Mahaifinta, wanda mahauci ne, in ya dawo kasuwa sai ya leƙo ya ce, "Yaya jikokin naki ashirin? Ba wanda za a yanka wa rago?"

Ranar Litinin muka yi na Jega, ashirin cif. Talata muka shiga mota zuwa Aliero, tsakanin buhunan albasa, har goyona ya ɗauki warin. Kwamfutar can tsohuwa ce, tana tashi kamar mai ciwon baya, amma da ta tashi ba ta kuskure ko ɗaya ba. A hanyar dawowa ɗiyata har waƙa take yi wa jaririya.

Laraba da hantsi muka isa Maiyama. Mai riƙe da asibitin dattijo ne mai fara'a, mutumin Liba, ya tarbe mu da ruwan randa, ya ba ni kujera. Ya janye mayafin da aka lulluɓe kwamfutar da shi a hankali, kamar mai buɗe amarya. Ita ce sabuwa a cikin ukun, yana kuwa ji da ita. Aka tayar da janareto, ta sa faifanta, muka fara.

"Na ɗaya, kwana arba'in da biyu," na karanta.

"Daidai."

Haka har na shida. Da na zo na bakwai na ce, "Ɗari biyu da saba'in da huɗu."

Na ɗaga kai, na ga ta matsa kusa da fuskar kwamfutar.

"Inna, sake karantawa."

Na sake. Ta ce kwamfuta ta ba da ɗari biyu da sittin da shida. Muka ci gaba. Da muka kai ƙarshe, sha biyu sun yi daidai, takwas sun kauce. Ta kashe ta kunna, ta sake zuba yaran, takwas ɗin dai. Ta ciro faifai na biyu da ta riƙe don tsaro, haka nan.

"Malama," in ji dattijon yana murmushi, "kar ki ga laifin wagga. Duba naki aikin dai. Tun da anka kawo ta ba ta taɓa yi min gardama ba."

"Baba, ai aikin guda ne. Jiya Aliero ya ci, shekaranjiya Jega ya ci."

"To, can sun yi miki kara. Mu nan Maiyama gaskiya muke faɗi."

Ta yi dariya don ladabi. Ta shiga bin rubutun tsarin layi-layi da yatsa. Azahar ta yi, muka yi salla, ta koma. Matan da suka kawo yara daga Karaye suka gama suka tafi. Na san abin da take tunani, don ni ma shi nake tunani: Kaduna.

Ni dai ina zaune da takardar a cinya, gefe guda ɗiyata ta rubuta amsoshin kwamfuta da jan biro. Ba ni da abin yi, sai na riƙa cire wannan daga wannan, yadda malamarmu ta koya mana. Na bakwai, takwas ne tsakani. Na tara, tara. Sai na lura waɗanda suka ci duk na makonni ne, mako shida, mako goma, mako sha huɗu. Waɗanda suka faɗi kuwa na watanni ne, irin su masu allurar baƙon dauro ta wata tara. Na duba na ashirin, mai awon cika shekara. Takarda ta ce ɗari uku da sittin da biyar. Jan biro ya ce ɗari uku da hamsin da huɗu. Sha ɗaya.

Wannan sha ɗayan na san ta tun ban san boko ba. Da ita azumi ke ja da baya kowace shekara. Shekarar da aka kai ni ɗaki cikin sanyi muka yi azumi, da na zo aurar da ita kuma ya zaga wani wurin. Cikina bakwai, duk da watan sama na ƙirga su, kullum kuma lissafina yakan riga na asibiti da mako guda ko fiye, har ma'aikaciyar ta riƙa ce mini mai gaggawa.

Sai dai faɗin ya yi mini nauyi. Ga dattijo a zaune, ga shi ita ce mai ilimin, kuma ba a saba in dube ta kai tsaye in koya mata abu gaban mutane ba. Sai na sauko da jikata daga baya, na ɗora ta a cinya, na yi mata magana yadda uwar za ta ji.

"Ke, gaya wa uwarki, wagga na'ura ba kuskure take ba. Da watan sama take ƙirga. Shekararta tamu ce, ba ta bature ba."

Hannun ɗiyata ya tsaya. Ta juyo.

"Inna, mi kika ce?"

"Ni ban ce komi ba. Ita ta ce a duba na ashirin."

Ta karɓi takardar, ta duba, leɓenta na motsi. Sai ta juya ga dattijon.

"Baba, daga ina anka kawo wagga kwamfuta?"

Ya gyara zama, don tambayar da yake so ke nan. Ya ce wani alhaji ne mai sayen hatsi ya sayo ta a Jidda da ya je aikin hajji, ya ba asibiti sadaka. Mai shagon ya juya mata harshe zuwa Turanci tun can, don a iya karantawa.

"Ya juya harshe, bai juya ƙasa ba," in ji ta, tana ta danne-danne. Ta buɗe wani wuri can ciki, ta kira mu mu gani. Ta ce kowace kwamfuta, ranar da aka fara tayar da ita, akan gaya mata a wace ƙasa take, daga nan take ɗaukar kalanda da yadda ake rubuta lamba da ranar da mako ke farawa. Wannan har yanzu ji take tana Saudiyya. Tsarin ɗiyata in yana son ƙara wata tara, sai ya tambayi kwamfutar da yake ciki, ita kuma ta ba shi watannin Hijira. Mako kuwa kwana bakwai ne ko'ina, shi ya sa sha biyu suka tsira.

Dattijon ya tafa hannu. "Kun ji ko! Hajiya ce. Ta fi mu duka riƙon addini, ni da na zauna da ita ban sani ba."

"Ni ma ta riga ni zuwa," na ce a hankali, muka yi ta dariya.

Na ɗauka shi ke nan, za ta gaya wa kwamfutar cewa ta iso Najeriya mu tafi. Dattijon ma haka ya ce, ko da yake ya roƙa a bar masa Hajiyarsa yadda take in da hali. Ɗiyata ta ce ai barin ta ya fi. In ta juya wannan yau, gobe wani alhajin zai kawo wata, ita kuma ba ta nan. Gara ta gyara nata, ya riƙe kalandarsa a cikinsa, ya daina tambayar kowa. Ta yi kamar rabin awa tana rubutu. Muka sake daga na ɗaya, ina karantawa tana amsawa, dattijon na ƙirgawa da yatsu. Ashirin. Ya rubuta mata shaida ya buga hatimi.

Da muka dawo gida bayan la'asar ta ce gobe da sassafe sai Aliero. Mahaifinta ya ajiye kofinsa.

"Aliero kuma? Ba kun ci can ba?"

"Mun ci da na da, Baba. Yanzu na taɓa shi."

"Layi nawa kika taɓa?"

"Huɗu."

"Don layi huɗu za ki kwashi tsohuwa da jinjira har Aliero, ga shi ranar ƙarshe?"

Ban so a yi ta ja ba, sai na ce masa ni ma in na ƙara wa miya ruwa, ko ludayi guda ne, sai na sake ɗanɗanawa kafin in kawo masa. Ya ce to, mun haɗe masa kai, Allah shi kiyaye hanya.

Alhamis muka tarar da mai makullin ɗakin kwamfuta na Aliero ya tafi gonar albasarsa ban ruwa. Aka aika a kira shi, muka zauna gindin dogon yaro har rana ta ɗaga sosai. Ɗiyata ta kasa zama, ni kuwa na sayi ƙosai na ci abina. Ya zo da taɓo har gwiwa yana ba da haƙuri. Tsohuwar kwamfutar ta yi nishinta ta tashi, ta ba da ashirin. Motar da muka samu ta dawowa sai da ta tsaya ɗaukar kaya sau uku.

Mun shiga ofishin Jega ana shirin tashi. Babban jami'in ya riga ya sa hularsa. Ya ce shi takardun shaida kawai yake so, na Jega ai an yi tun Litinin. Ta ce ya yi haƙuri, minti goma, tana so ya gani da idonsa. Ya dube ni, da goyo da takarda a hannu, ya ce, "Inna ce mai duba jarrabawar?" Na ce ni mai karantawa ce kawai, ranka ya daɗe.

Na karanta, na bakwai ya fito daidai, sauran ma haka. Ya zauna, ya ciro biro daga aljihun gaba, ya sa hannu, ya ce ta zo Litinin ƙarfe takwas, teburinta na kusa da taga.

Daga ƙofar ofishin zuwa gidanmu tafiyar ƙafa ce. Ta ce mu hau mashin, na ce a'a, ina so in ga ko minti nawa ne. Muka tako a hankali, ta karɓi goyon, muka biya ta gidanta ta gaya wa mijinta.