Waƙar da Baba Ya Raba Gida Bakwai

Shekara shida ke nan da rasuwar mahaifina, Istifanus, wanda makaɗansa ke kira Madugu. A nan Kuala Lumpur ya cika, wata Talata da hantsi, ina ƙasan asibitin ina neman wurin ajiye mota. Duk shekara idan watan ya zagayo 'yan cocinmu sukan tambaye ni yaya haƙuri, in ce da godiya. Gaskiyar magana ba na jin komai sosai. Nakan tashi, in sha shayi, in tafi kwalejin da nake koyarwa a Setapak, in dawo gida Sri Petaling da yamma. Bana ne na ga ya kamata in rubuta wani abu, domin mutum na ƙarshe da ke riƙe da wani yanki na waƙar Baba ta ƙarshe ya bar ƙasar nan makon jiya, kuma ban sani ba ko waƙar za ta taɓa haɗuwa.

Ga wanda bai san shi ba, Baba shugaban makaɗa ne. A Kafanchan ya fara busa ƙaho, daga nan ya koma Kaduna ya kafa ƙungiyarsa, mutum goma sha biyu, suna kiɗan sol irin na baƙaƙen Amurka amma da Hausa. Sun zagaye otal-otal na Kaduna da Jos, bukukuwan aure kuwa ba a magana. Ba ya riƙe sanda irin ta shugabannin makaɗa, kuma baya yake juya wa jama'a. Kafaɗarsa ta hagu ce ke ba masu ƙaho izinin shiga, ta dama ta mai ganga ce, idan ya ɗaga diddige kowa ya yi tsit. Mama takan ce duk cikin jikin mijinta ƙeyarsa ta fi sani.

Da Mama Laraba ta rasu na ɗauko shi na kawo shi nan. Wata uku ya yi zaune bakin taga a hawa na goma sha huɗu, yana kallon babura yana mitar cewa mutanen ƙasar nan har a miya sukari suke sawa. Sai wata Lahadi ya bi ni coci. Cocinmu ɗaki ne a saman wani shagon taya a Setapak, yawancinmu ɗalibai ne daga Kaduna da Filato. Ya saurari masu kiɗa har aka tashi. A mota ya ce mini yaran suna kiɗa kamar kowannensu yana saurin kama bas. Kafin Asabar ta zagayo ya tara bakwai daga cikinsu, ya kai su titin Jalan Tuanku Abdul Rahman, inda masu yadi suke, ya zaɓar musu yadi iri ɗaya, ruwan ƙasa, wanda babu wanda ya so amma kowa ya ɗinka.

Yadda yake koyarwa shi ne tushen maganar. Baba ba ya rubuta kiɗa a takarda. Yakan ja mutum ɗaya gefe, sau da yawa a shagon mamak da ke ƙasan coci, inda ake sayar da shayi da roti, wani irin burodi mai faɗi, ya riƙa gungura masa nasa yankin da baki har ya zauna masa a kai. Mai ƙaho bai san abin da aka ba mai jita ba sai ranar da aka haɗu. A bakin ƙofar ɗakin gwaji kuma akwai kwando, kowa ya shigo ya sa wayarsa a ciki. Yakan ce kunnen da ya san za a sake kunna masa ba ya saurare da kyau. Ni dai na san akwai wani dalilin. Tun a Kaduna wani ya taɓa naɗar wata sabuwar waƙarsu a ɓoye, wata ƙungiya ta riga su buga waƙar a gidan biki, bai kuma yafe wa rikoda ba har ya koma ga Ubangiji.

Nan ne muka yi wautarmu, kuma wauta ce irin tamu. Mun taso a gidajen da idan babba ya ce kar a yi, ba a yi ko a bayan idonsa. Matasa bakwai, kowanne da waya mai tsada, waɗanda ko shinkafa aka zuba musu sai sun ɗauki hotonta, suka yi shekara uku da tsohon nan babu wanda ya bar wayarsa a aljihu ko sau ɗaya. Ni ma da nake kawo musu abinci ina sa tawa a kwandon. Har alfahari muke yi da ladabinmu.

Waƙar da nake magana a kanta sunanta Laraba. A nan ya tsara ta, ya raba ta gida bakwai, suna ta gwaji don ranar tunawa da Mama. Saura mako biyar ya faɗi a banɗaki, faɗuwar da ta zama ajalinsa. Da ya shekara ɗaya da rasuwa yaran suka ce za su buga masa ita. Suka sa rigunansu ruwan ƙasa, suka tsaya a gaban coci, kowa ya ɗaga kayan kiɗansa. Mai ganga yana kallon mai ƙaho, mai ƙaho yana kallon inda Baba ya saba tsayawa. Sau uku suna farawa tana wargajewa, sai fasto ya ɗauko wata waƙar da kowa ya sani ya rufa musu asiri. Ina zaune a layin gaba, abin da na tuna kawai shi ne fankar sama tana ƙara.

Daga nan sai watsewa, kamar yadda ɗalibai suke yi. Wannan ya gama ya koma Abuja, wancan ya samu aiki a wata ƙasa, wata ta yi aure. Na riƙa bin su ina roƙon kowa ya aiko mini da nasa yankin ta waya. Mai ƙaho na farko ya tuna rabi. Masu jita biyu sun yi gardama a kan wanda ke fara shiga, har yau ba su daidaita ba. Na ba wani abokin aikina da ya iya haɗa sauti a kwamfuta, ya kwana biyu a kai ya dawo mini da su. Ya ce kowanne da saurinsa yake tafiya, babu abin da zai ɗora su a kai. Na ce masa abin da ake ɗora su a kai kafaɗa ce, kuma tana maƙabarta.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da ya leƙo cocinmu yau. Yanzu mutum ɗaya ne da kwamfuta, ya danna, ganga da ƙaho da jita su fito tare, babu mai kuskure, babu mai jiran wani. Ina jin zai zauna har a tashi, a mota ya ce kiɗan ya yi tsabta kamar ɗakin asibiti. Amma ni ma ina da tambayar da zan yi masa. Wanda ya saci waƙarka a Kaduna, ai ta dalilinsa wani ya ji ta. Mu da muka bi umarninka me muka tsira da shi? Ba da fushi nake faɗa ba. Na nemi fushin ma ban same shi ba.

Gyang ne na ƙarshe, mai buga jitar bas, wadda ke riƙe ƙasan kiɗa. Ya daɗe saboda ya tsaya digiri na uku, yanzu magidanci ne da 'ya'ya biyu. Ranar Asabar da azahar ya zo gidana da jitarsa da leda biyu na abinci, ya zauna a kujerar Baba, na ajiye waya a tebur ina naɗa.

"Anti Rahila, zan buga nawa, in na tsaya sai ki shigo da muryar," ya ce. "Ko a hankali ne, boleh lah, in ji 'yan ƙasar nan, wato ba matsala."

Na ce, "Wace murya?"

"Ta Madugu mana. Ai akwai baiti. Ya ce mana kullum da safe yana rera ta a kicin, Rahila ta riga ta haddace, shi ya sa bai ba kowa ba. Ranar tunawa da Mama ke za ki yi."

"Shekara shida ba wanda ya faɗa mini."

Ya sunkuyar da kai. "Mun ji nauyinki, Anti. Mun ɗauka ba ki shirya ba ne."

Duk tsawon shekarun nan na ɗauka kiɗa ne zalla. Na tuna kuwa Baba yana waƙa da safe. Na tuna ƙarar cokali a kofi, na tuna ina tashi daga kan takardun ɗalibai in tura ƙofar ɗakina don in samu in gama ba da maki kafin ƙarfe bakwai. Kusan kullum haka nake yi. Na zauna gaban Gyang ina lalube a cikin kaina, ko kalma ɗaya, ko hawa ɗaya na murya. Babu.

Idan na auna abin da ya rage na Madugu, ba shi da yawa. Riguna bakwai ruwan ƙasa a ƙasashe huɗu, da guntayen saƙonni a wayata waɗanda ba sa haɗuwa. Sai kuma abin da na gani a hannun Gyang ranar nan, wanda ban san sunan da zan ba shi ba. Na faɗa masa gaskiya, ban san waƙar ba. Ya gyaɗa kai, ya ce zai buga duk da haka, tunda jirginsa Litinin ne.

Ya buga daga farko har ƙarshe. Duk inda muryar ya kamata ta shigo sai ya ɗora tafin hannu a kan tsirkiya, ya ƙirga takwas da ƙafa, daidai yadda aka koya masa, sannan ya ci gaba. Wuri shida ya tsaya mini. A na shidan ya ɗago ya dube ni, ya ƙara takwas a kan takwas ɗin, ko da wani abu zai zo.