Fatar da Na Hana a Yanke

A wajenmu mace ba ta magana a kan ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban surukai, ko kuka yake sai ta kau da kai. Haka aka raine ni a Gaya, haka kuma na tarar a Toranke da aka kai ni aure.

Da na haihu a asibiti, likitar ta daɗe tana duba yaron. Ta ce ƙofar fitsarinsa ba a inda ya kamata take ba, ta sauka ƙasa. Ana gyarawa a Kano, amma da fatar kaciyarsa ake gyaran, don haka kada a yanke ta. Sai ta tambayi aikin da na yi da cikin. Na ce mijina kan haɗa maganin ciyawa da na ƙwari a tanki ɗaya don kada ya zaga gonar gyaɗa sau biyu, ni ke wanke kayan feshin, kuma a galan ɗin maganin da ya ƙare muke ɗebo ruwan sha. Ta ce ba za ta rantse shi ne ba, amma irin waɗannan magunguna in suka haɗu a jikin mai ciki suna iya rikita sinadaran da ke gina halittar ɗa namiji.

Na gaya wa mijina. Ya zubar da galan ɗin, ya ce zai sanar da uwarsa. Shi ma ɗansa ne na fari, nauyi ya hana shi.

Gidansu ranar suna ake kaciya. Ina ɗaki mata sun cika, sai na hango ta ƙofa wanzami ya gama aski, yana zaro wata askar daga zabira, surukata ta kwance wa yaron zani. Mijina yana waje cikin maza.

Ban san na miƙe ba. Na durƙusa a gaban wanzamin, na ɗora hannu a kan yaron.

"Baba, don Allah kada ka yanke."

Surukata ta kalle ni. "Yau kuma? 'Yar nan, ɗan fari ne fa. Ko a sakandare aka koya miki?"

Wata ta ce daga baya, "Kawo mata shi ta goya ta zaga gari."

Aka yi dariya. Amma na faɗi duk abin da likita ta ce, har sunan wurin na kama a gaban tsofaffi. Na ce, "Inna, in an yanke, babu abin da za a gyara masa da shi."

Surukata ta sunkuya ta duba jikanta da kyau. Ta daɗe. Sannan ta mayar masa da zanin.

"Mayar da askarka," ta ce wa wanzami. "Mijin nawa ne, ba na son a nakasa min shi."

Har yau ba a yi aikin ba tukuna, an ce sai ya ƙara girma. Amma da muka kai shi Kano, likitan ya duba ya ce fatar ta isa, ya tambayi wa ya hana a taɓa ta. Surukata ce ta raka mu. Ta nuna ni da baki.

"Ga marar kunyar nan."