Ranar da Aka Fara Gasa Tumu

Akwai wata rana a ƙarshen wata damina da na san ko na tsufa ba za ta fita daga raina ba. Ba a yi kiɗa a ranar ba, ko kaza ba a yanka ba. Amma har yau, da na ji ƙamshin sabon hatsi a kan wuta, sai in gan ni a bakin gonarmu, ina yarinya, hannuwana baƙi ƙirin da toka.

Lokacin ina shekara ta uku a kwaleji a Filinge. Gidan goggona nake zaune, don ƙauyenmu yana can wajen Tabla, ba a zuwa a dawo kullum. Ni ba mai magana ba ce. Ko malami ya kira ni a aji, da ƙyar ake jin amsata. Abin da na iya shi ne kallo. Nakan gane wadda ta sake ɗankunne, da wadda ta yi kuka kafin ta fito daga gida.

Ina da ƙawaye uku, dukansu 'yan gari. Muna da wata al'ada mai daɗi: duk wadda ranar haihuwarta ta zagayo, sai mu haɗu gindin dogon yaro lokacin hutun tsakiyar safiya, a sayo fari-masa, wato soyayyen ƙullin fulawa, da lemu-hari, ruwan lemun tsami mai sanyi, a kafa ashana a kan fari-masa ɗaya a kunna, mai ranar ta hure. Shi ke nan bikin. Amma ina son yadda fuskar mai ranar take sakewa, kamar duk makarantar don ita aka buɗe.

Ni ce kaɗai ba a taɓa yi wa ba. Takardar haihuwata sai da zan shiga lakwal, wato makarantar boko, aka yi ta, aka rubuta ɗaya ga Janairu, kamar yadda aka rubuta wa yawancin 'yan ƙauye a ajinmu. Wata rana ƙawata da muke zama tebur ɗaya, wadda bakinta ba ya hutawa, ta ce, "Wagga ba ranarki ba ta, ranar gwamnati ta. In kin tahi hutu ki tambayi innarki. Ai uwa ba ta mance ranar da ta haihu."

Na yi murmushi kawai. Ban iya gaya mata cewa ni 'yar fari ce ba. A wajenmu uwa tana kunyar ɗanta na fari. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, "ke" take ce mini, in kuma da wani take magana sai ta ce "waccan". Ba ta yabona a gaban mutane, ba ta jawo ni jikinta kamar yadda take jawo ƙannena. Na san al'ada ce, kowa ya sani. Duk da haka maganar ƙawata ta zauna mini a ƙirji. Na fara tambayar kaina: anya Inna tana tuna ranar da na zo duniya?

Da aka yi babban hutu na koma gida, na daɗe ina neman bakin tambayar. Ran nan muna tsakar gida, Inna tana tankaɗe, ni ina tsince tsakuwa a wake, na sunkuyar da kai na ce, "Inna, wace rana anka haihe ni?"

Hannunta bai tsaya ba. Ta ce, "Ke, miƙo min faifan can."

Na miƙa mata. Ta karɓa ta koma kan tankaɗenta. Na ci gaba da tsintar wake, idona yana cikowa, har ina zubar da mai kyau ina barin tsakuwa.

Kakata, mahaifiyar Baba, tana zaune a inuwar rumbu tana jin mu. Ita ba ta kunyar kowa, ni kuwa abokiyar wasanta ce. Ta kwashe da dariya ta ce, "Ƙawata, kin rasa wadda za ki tambaya sai wagga? Taho nan. Ai ni ba ni mance ki, don ranar da kinka zo asara kinka ja min."

Na matsa kusa da ita. Ta ce ranar da aka haife ni ita ce ranar da aka fara gasa tumu a gonarmu a shekarar. Tumu shi ne zangarniyar sabon hatsi da ake gasawa tun bai bushe ba, kuma a gidanmu ba mai karya ko ɗaya sai Kaka ta duba ta ce ya yi. Ta ce ta ɗora zangarniyar farko a kan wuta ke nan aka zo da gudu aka ce naƙuda ta kama Inna. "Na bar shi na sheƙa gida. Ko da na komo ya zama gawayi. Har yau ina bin ki tumu guda."

Na ce, "To Kaka, wane wata ne, nawa ga wata?"

Ta ce, "Wata kuma? Hatsi shi ka faɗi. Ran da ya nuna, ranarki ta zo."

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma na saci kallon Inna, na ga ko ɗago kai ba ta yi ba. Sai na ce a raina, to, Kaka ce ta tuna, ita ma don tumunta ya ƙone.

Da la'asar na ari wayar Baba na hau tudun bayan gari, inda ake samun layi, na kira ƙawata. Na zaci za ta yi mini dariya. Ta yi kuwa, amma ba irin wadda nake tsoro ba. Ta ce, "Ke ranarki ma tafiya take yi da ruwan sama. Wallahi sai mun zo. Ki dai kira mu in hatsin ya ba da izini."

Sai ruwa ya ɗauke. Hatsi ya yi ciki, wani ya fara fidda kai, sama kuwa ta bushe tas. Da rana ganye yakan naɗe kamar an murɗe shi. Baba yakan fita bayan kowace salla ya tsaya yana duban gabas. Yanzu da na girma na san abincin shekara yake dubawa, ni kuwa a lokacin ranata nake dubawa, ga shi komawa makaranta tana matsowa. Kowa da girman damuwarsa, amma gajimare ɗaya muke jira.

Allah Ya kawo ruwan wata safiya, mai yawa, har kwaɗi suka buɗe baki. Daga nan kullum sai in bi Kaka gona. Tana tafe da sandarta, ta tsaya ta lanƙwaso zangarniya, ta danna ƙwaya da farcen babban yatsa. In farin ruwa ya fito kamar nono sai ta sake ta, ta ce, "Da saura." Na koyi ganin abubuwan da ban taɓa lura da su ba: yadda furen hatsi yake kakkaɓewa ya manne a gira, yadda ƙwayar take tashi daga kore ta koma ruwan toka, yadda tsuntsaye suke riga kowa sanin gefen da ya fara nuna. Har wata rana ta danna, ba abin da ya fito. Ta jefa ƙwayar a baki, ta tauna da dasashi ta ce, "Kira mutanenki."

Washegari da hantsi suka sauka daga motar kasuwa, su uku, sun ci kwalliya kamar masu zuwa suna. Takalmansu suka riƙa nutsewa cikin rairayi, ƙarshe suka cire suka riƙe a hannu. Sun kawo fari-masa a leda, har da kyandir na gaske. Muka zauna gindin aduwa a bakin gona, don gawon da ke tsakiya ba ya da ganye da damina. Kaka ta hura wuta da busassun ƙirare, ta yi bismilla, ta karyo zangarniyoyi ta jera a kai. Suka fara ƙara tas-tas, ƙamshi ya tashi.

A nan Inna ta iso, da tulun ruwa a kai. Ta gaishe da baƙi a taƙaice, ta sauke tulun. Ta durƙusa gaban wuta ta ɗauki zangarniyar da aka fara ɗorawa, ta murza ta tsakanin tafukanta a cikin wata 'yar ƙwarya mai ɗinki a baki, ta hure ƙaiƙayin. Sannan ta ajiye ƙwaryar kusa da ƙafata, ba tare da ta dube ni ba, ta koma wajen tulunta.

Ban ɗauki abin a bakin komai ba, don haka take yi duk shekara. Ƙawata mai surutu ta miƙo hannu za ta ɗiba, sai Kaka ta buge mata yatsu da kara.

"Ke 'yar birni, janye hannunki. Wanga ba naki ba na."

"Kaka, ai duk tumu tumu ne."

"A'a. Na farko nata na. Tun da ta yi haƙora uwatta ba ta taɓa bari wani ya riga ta ba. Ni da ke bin ta bashi ma ban samu ba, bale ke da kinka zo yau."

Suka yi dariya. Ni kuwa na kasa. Na dubi 'yar ƙwaryar nan, na san ɗinkin bakinta tun ina ƙarama, kuma ban taɓa ganin an sa wani abu a cikinta ba sai wannan. Na tuna shekarar da hatsi bai yi ba, aka hana kowa taɓa gona, amma na tashi daga barcin rana na iske ɗan tumu cikin ƙwaryar a gefen tabarmata. Na tuna bara, da na koma Filinge da wuri, wata mata 'yar ƙauyenmu ta zo cin kasuwa ta miƙo mini ƙullin tsumma, tumu a ciki, ba saƙo, ba ta ma ce daga wa ba. Ni da nake taƙama ba abin da ke wuce idona, wannan ya yi shekaru yana wucewa ta gabana. Na zaci don ni ce babba ake ba ni.

Na ɗaga kai. Inna tana tsaye ta ba mu baya, tana ta gyaran gammonta, wanda ba abin da ya same shi. Sai kawai na ce, "Inna."

Ba ta juyo ba. Ta ce, "Ke, ki ci tun da zahi."

Na ci. Yana da zaƙi da ɗan ɗacin hayaƙi, yana danƙo a haƙori. Ƙawayena suka kafa kyandir a cikin rairayi suka kunna, iska ta kashe, suka sake, ta sake kashewa, Kaka ta ce su bar shi, iskar gona ta hure mini. Muka ci tumu har muƙamuƙanmu suka gaji. Mai surutu ta ƙona yatsa, ta shafa toka a kumatu ba ta sani ba, ba wanda ya gaya mata har ta shiga mota.

Yau ina aiki nesa da gida, kuma takarduna duka ɗaya ga Janairu suke cewa. Kaka ta rasu, Allah Ya ji ƙanta, yanzu Inna ce ke danna ƙwaya da farce. Har gobe ba ta kiran sunana. Amma duk ƙarshen damina ƙullin tsumma yana iso ni, ko ta hannun direba ko ta hannun wani ɗan gari, ba saƙo a ciki. Ni ma ban taɓa yi mata godiya da baki ba, don na san zan sa ta jin nauyi. Sai dai in kira wayar Baba in ce a gaya wa mutanen gida hatsin bana ya yi zaƙi.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, ba kowa ke faɗin ƙauna da baki ba. Kafin in ce wani bai damu da ni ba, nakan tsaya in duba abin da ya saba ajiye mini kusa da ƙafata.