Tauraron da Ya Ɓace wa Jika

A unguwar Dilimi ta Jos ba a cewa Jika kawai, sai an ƙara da Mai Ido. Tun yana saurayi yake leƙa madubin awon ƙasa a kamfanin kuza. Idonsa na hagu yashin wankin kuza ya kashe shi tun tuni. Na daman ne ya ciyar da shi, ya yi masa aure, ya gina masa ɗaki biyu. Da kuza ta ja baya aka sallame su, ya koma zaman benci, har ran da Dokta Nnadozie, malamin ilimin taurari a jami'a, ya zo cigiyar mai haƙurin leƙe.

Dokta ya yi masa bayanin aikin. Can nesa da rana akwai wani dunƙulen dutse da ƙanƙara, ya yi dusu-dusu da yawa ga madubinsu, amma lissafi ya nuna zai gifta gaban wani tauraro ya rufe shi na ɗan lokaci. Daga tsawon rufewar ake gane girmansa. Inuwarsa siririya ce, ba a san takamaiman inda za ta bi ba, don haka Dokta zai yi hanyar Bukuru da madubin hangen nesa guda, Jika ya tsaya kan tudun Naraguta da ɗayan. Rediyo zai riƙa buga lokaci, rikoda tana ɗauka. In tauraron ya ɓace ya ce ya tafi, in ya bayyana ya ce ya dawo. Shi ke nan.

Abin da Jika bai faɗa ba shi ne, tun damina idon daman ya soma yi masa wasa. Duk abin da ya ƙura wa ido sai ya ɓace, gefe da gefe suna nan, jim kaɗan ya dawo. Matarsa Mariya ta lura ran da ya tsiyaya shayi a kan tabarma. Ta ce ya gaya wa mutumin nan gaskiya, ya ce sai an gama aikin, ba ya son ya ba shi kunya. Haka yake gaya wa kansa ma. Amma ba kunyar Dokta ce ta hana shi ba, tsoron komawa bencin nan ne, inda ba shi da wani suna sai tsoho mai ido ɗaya.

Ranar ta zo, bayan isha'i kaɗan. Ya kafa ido a madubi, rediyo na ƙit-ƙit. Sai tauraron ya ɓace. Ya ɗauka idon ne, ya janye fuska ya murza idon da bayan hannu. Da ya koma, tauraro na nan ras. Washegari ya ce wa Dokta bai ga komai ba. Dokta, wanda gajimare ya rufe wa sama, ya ce ba laifi, lissafi kan kuskure.

Bayan makonni labari ya zo cewa masu kallo a wata ƙasa sun ga ɓacewar, kuma hanyar inuwar ta ratsa Jos. Dokta ya kira shi ofis da rana tsaka, ya kunna kaset ɗin. Ƙit-ƙit, kukan gyare, sai muryar Jika can ƙasa-ƙasa:

"Ya Allah, ba yau ba."

Dokta ya tsayar da rikodar. "Baba Jika, daidai lokacin ke nan. Tauraron ya tafi da gaske. Kai ka gan shi."

Dokta ya matso kusa, ya tambaye shi:

"Yaushe ya dawo?"

"Ban sani ba, Oga. Ina murza ido."

Dokta ya daɗe yana dubansa, sannan ya nuna agogon bango ya roƙe shi ya faɗa masa ƙarfe nawa. Jika ya ga bango, ya ga ƙusa, ya ga zagayen agogon. Tsakiyar babu komai.

Ba a kore shi ba. Dokta ya ce ya ci gaba da zuwa yana ɗauko ƙafafun madubin, zai kuma kai shi asibiti. Ya je asibitin, ɗaukar ƙafafun kuwa sau ɗaya ya yi, ya ga wani ɗalibi ya sunkuya a gurbinsa, bai sake komawa ba.

Har yanzu in ya bi layi da yamma, teloli da direbobi na gaishe shi da Mai Ido, yana ɗaga musu hannu. Mariya ce kaɗai ta daina. Ta koma kiransa Malam, kuma ita ke zuba shayin.